Wa Zai Horar da Sabon Hannu? Tarken Littafin Remote

A watan Fabrairun 2013 kamfanin Yahoo, ƙarƙashin jagorancin Marissa Mayer, ya sanar da ma'aikatansa cewa zamanin aiki daga gida ya wuce, kowa ya tattaro ya dawo ofis. Wata takwas bayan haka, wasu mutum biyu da ke riƙe da wani ƙaramin kamfanin manhaja mai suna 37signals a Amurka, wato Jason Fried da David Heinemeier Hansson, suka fitar da littafi mai taken Remote: Office Not Required, wanda tun daga bangonsa yake shelar cewa ofis ba dole ba ne. A wancan lokaci mutane da dama sun ɗauki maganar tasu a matsayin shagwaɓar 'yan gata. Shekara bakwai ba su cika ba sai annobar korona ta garƙame ofisoshin duniya, littafin ya koma tamkar duban da ya tabbata. Yanzu ƙura ta lafa, har kamfanoni irin su Amazon sun umarci ma'aikatansu da su koma ofis kwana biyar a mako daga farkon 2025. Saboda haka ana iya sake karanta littafin cikin natsuwa, a auna abin da ya hango da abin da ya tsallake.

Hukuncina a kansa shi ne: ya faɗi gaskiya game da ƙwararren ma'aikaci, amma bai tsaya ya tambayi inda ƙwararren ya samo ƙwarewarsa ba. Ga mai shekara arba'in da ya riga ya goge a sana'arsa, wannan giɓi ne ƙarami. Ga wanda ya fito daga jami'a jiya, da takardar shaida a hannu amma bai taɓa zama kusa da gwani yana aiki ba, giɓin nan shi ne maganar gaba ɗaya.

Kafin a zo nan, adalci ne a ba littafin haƙƙinsa. Babban abin da marubutan suka gano shi ne cewa ofis, wurin da aka gina domin aiki, ya zama wurin da aiki ke shan wahala. Aikin tunani, kamar rubuta manhaja ko tsara zane ko haɗa rahoto, yana buƙatar lokaci mai tsawo wanda ba a yanke shi ba, kamar yadda barci ke buƙata. Wanda aka tasa sau goma a dare bai yi barci ba ko da ya kwanta awa takwas. A ofis kuwa manaja yana leƙowa, ana kiran taro, abokin aiki yana dafa kafaɗa da tambayar da za ta iya jira har gobe, sai yinin ya tarwatse ya zama gutsattsari. Fried ya daɗe yana ɗora laifin a kan abubuwa biyu, manajoji da tarurruka, kuma duk wanda ya taɓa zaman taron awa biyu da saƙo mai layi biyar zai wadatar a madadinsa ya san akwai ƙamshin gaskiya a zancen.

Daga nan ne littafin ya kai ga tunaninsa mafi daraja, wanda masu karatu da yawa suka wuce shi saboda taken ya ja hankalinsu ga batun wuri. Abin da ya fi wuri muhimmanci shi ne lokaci. Marubutan suna kira ga irin haɗin gwiwar da ba ta buƙatar a zauna a lokaci guda: ka yi naka ɓangaren, ka rubuta abin da ka yi da dalilin yin sa da abin da ya rage, ka ajiye a inda kowa zai gani, abokin aikinka ya ɗauka idan garinsa ya waye. Bahaushe yana da kalmar da ta dace da wannan, wato barin sallahu, don haka zan kira tsarin da aikin sallahu. Su kansu marubutan a haka suka fara, Fried yana Shikago, Hansson yana Kopenhagen ta ƙasar Danmak, da tazarar awa bakwai a tsakaninsu, kuma a cikin wannan hali aka gina manhajar Basecamp da ta fito a 2004. Shawarar da suka bayar mai ma'ana ce: a ware tambayoyi, mafi yawansu za su iya jira na awanni, kaɗan na buƙatar amsa cikin mintuna, ƙalilan ne ke buƙatar a ɗaga waya. Sun kuma ce a nemi kamar awa huɗu a rana da lokutan ma'aikata za su haɗu, sauran kowa ya yi a nasa lokacin.

Tarihi ya mara musu baya a wannan gaɓa. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, dubban mutanen da galibinsu ba su taɓa musabaha ba ne suka gina ta ta hanyar wasiƙun imel, kuma ita ce ƙashin bayan wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da intanet. Kamfanin GitLab ba shi da ofis ko ɗaya, yana tafiyar da harkokinsa da wani kundin ƙa'idoji mai shafuka dubbai da ke buɗe ga kowa, kuma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq a 2021. Automattic, kamfanin da ke bayan WordPress.com, ya rufe ofishinsa na San Francisco a 2017 saboda ma'aikata ba sa zuwa. Abin da ya faru a 2020 kuwa ya tabbatar da maganar ta bayan gida: kamfanoni da yawa sun kwashe ofis ɗungurungum sun zuba shi cikin Zoom, taro na bin taro daga safe har yamma, sai mutane suka gaji fiye da da, suka ce aiki daga nesa ne bai yi ba. Alhali sun canza wuri ne kawai, suka bar lokaci a ɗaure.

To amma littafi ana auna shi da yadda ya kafa hujja, kuma a nan rauninsa na farko yake. An rubuta shi da gajerun babi, wasu shafi ɗaya wasu biyu, da zane-zane a tsakani, kowane babi yana faɗin magana ɗaya cikin ƙarfin gwiwa ya wuce. Salon yana da daɗin karatu, mutum zai iya gamawa a zama biyu, sai dai salo ne na wa'azi. Akwai sashe guda da aka keɓe domin rusa uzurorin masu adawa, kuma tun daga kiran su uzurori an riga an yanke hukunci kafin a saurari ƙara. Babban shaidan littafin kuma shi ne kamfanin marubutan, wanda a lokacin ma'aikatansa ba su kai hamsin ba, yana samun riba, kuma sana'arsa ita ce sayar da manhajar da masu aiki daga nesa ke amfani da ita. Ba na zargin su da ƙarya. Mai tallar fura ma yana iya faɗin gaskiya idan ya ce ana zafi. Sai dai mai karatu ya kamata ya san wanda ke magana.

Binciken da aka yi da ma'auni ya ba da hoto mai launi biyu. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai, inda aka raba ma'aikatan amsa waya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka yi aiki daga gida na wata tara. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna ƙwazon na gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki kuma sun ragu da kusan rabi. Masu goyon bayan aiki daga nesa sukan tsaya a nan. Amma binciken ya ci gaba: idan aka kwatanta masu ƙwazo iri ɗaya, na gida sun fi na ofis ƙarancin samun ƙarin girma, kuma da aka ba su zaɓi bayan gwajin, kusan rabinsu sun zaɓi komawa ofis, da yawa saboda kaɗaici. Wani binciken da aka yi kan ma'aikatan Microsoft fiye da 60,000, wanda ya fito a 2021, ya gano cewa da aka koma gida kowane rukuni ya ƙara rufe kansa, hulɗa tsakanin sassan da ba su da alaƙar kai tsaye ta ragu. Wato aikin da ke gabanka yana tafiya, amma hanyoyin da labari da dama ke bi su iso gare ka suna toshewa.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar tarken. Ma'aikacin da littafin ke magana da shi mutum ne da ya san abin da zai yi, ya san yadda ake yi, ya san lokacin da ya kamata ya nemi taimako, kuma ya iya tsara tambayarsa a rubuce. Tun a littafinsu na baya, Rework, na 2010, marubutan sun bayyana irin mutumin da suke nema: wanda zai zama manajan kansa, ba sai an bi shi ba. Shawararsu ta ɗaukar ma'aikaci ma ta dace da hakan: a ba mutum ɗan aikin gwaji, a biya shi, a duba abin da ya fitar. Madalla. Amma gwaji irin wannan yana tantance wanda ya riga ya iya ne. Wani wuri ne ya ɗauki nauyin mutumin nan lokacin da bai iya ba, ya jure kurakuransa, ya biya shi albashi yana koyo, kuma a mafi yawan lokuta wannan wuri shi ne ofishin da littafin ke yi wa dariya. Kamfanin da ke ɗaukar gogaggu kaɗai yana girbin gonar da wani ya nome ne. Ƙaramin kamfani ɗaya zai iya yin haka ba tare da an ji a jiki ba, amma idan kowa ya zama mai girbi, tambayar wa zai yi shuka ba ta da amsa a cikin shafukan Remote.

Abin da marubutan ke kira katsalandan, wani ɓangarensa makaranta ce. Sabon hannu ba ya koyo daga kundin ƙa'idoji kaɗai. Yana koyo ne idan ya ji yadda babba ke lallashin abokin ciniki da ya fusata a waya, idan ya ga inda gwani ya tsaya ya yi jim kafin ya taɓa wani abu, idan wani ya wuce ta bayansa ya hango kuskure ya ce masa kada ya bi ta nan. Matsalar mai koyo ita ce bai san abin da bai sani ba, don haka ba zai iya rubuta tambayar da za ta cece shi ba. Aikin sallahu yana amsa tambayar da aka yi. Wadda ba a san da ita ba sai ido ya gano ta. Akwai kuma kunya, wadda ba ƙaramin abu ba ce: tambayar da yaro zai yi cikin raɗa ga na kusa da shi, a tsarin sallahu sai ya rubuta ta a dandalin da kowa ke gani, har da mai kamfani, kuma za ta zauna a nan har abada. Da yawa sun gwammace su yi shiru su ɓata kwana biyu.

Masana tattalin arziki uku, Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais, sun bi diddigin wannan a tsakanin injiniyoyin manhaja na wani babban kamfanin Amurka. Sun gano cewa waɗanda ke zaune a gini ɗaya da abokan rukuninsu suna samun ƙarin gyara da sharhi a kan aikinsu fiye da waɗanda aka raba, har ma a rubuce ta intanet, kuma ƙananan ma'aikata da mata ne suka fi cin moriyar kusancin. Sun kuma gano kuɗin da ake biya: manyan injiniyoyin da ke zaune kusa da ƙanana suna fitar da aiki ƙasa da yadda za su fitar da suna su kaɗai, domin lokacinsu na tafiya wajen koyarwa. Wannan sakamako, a ganina, ya fassara littafin Remote fiye da yadda marubutansa suka fassara shi. Ƙarin ƙwazon da gwani ke ji idan ya koma gida gaskiya ne, amma wani kaso nasa lokacin da da yake kashewa a kan na ƙasa da shi ne. Ribar ta shiga aljihun kamfani a bana, asarar kuma ta faɗa kan matashin da ba a horar ba, ba za a gan ta a lissafi ba sai bayan shekaru.

Mu a Najeriya mun ga wannan lissafi da idonmu. An kafa Andela a Legas a 2014 da wata manufa mai kyau: a ɗauki matasa masu hazaƙa, a tara su wuri guda a horar da su, sannan su yi wa kamfanonin ƙetare aiki daga nesa. A watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya ce abokan cinikinsa gogaggu suke nema. A shekarar da ta biyo baya ya rufe ofisoshinsa ya koma aiki daga nesa kacokan, daga baya ya zama kasuwar haɗa ƙwararru da masu neman su. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba kafin a karanta darasin. Kasuwar nesa tana sayen gwaninta da tsada, amma ba ta son biyan kuɗin renonta. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya yin irin ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon hannu ya goge da su, matakalar farko ta ƙara nisa da ƙasa.

Akwai wata ƙofar kuma da littafin ya ambata da fara'a, alhali ga wasu katanga ce. Marubutan sun nanata cewa mai aiki daga nesa dole ya iya rubutu, kuma suna da gaskiya, domin a tsarin sallahu rubutunka shi ne fuskarka da muryarka da ladabinka. Wannan yana da alheri: mai kunya, da mai in'ina, da macen da ake katse wa magana a taro, duk suna samun fili daidai da mai kaurin murya. Sai dai rubutun da ake nufi Ingilishi ne, kuma wani irin Ingilishi na musamman, gajere, kai tsaye, mai ɗan raha, wanda ke ce wa shugaba bai yi daidai ba cikin layi biyu. Wanda aka rena a kan cewa ba a fara magana sai an gaisa, ba a kuma musa wa babba a bainar jama'a, zai rubuta saƙo mai zagaye da neman afuwa, a ɗauke shi marar tabbas. Idan ya kwaikwayi nasu salon bai ƙware ba, a ɗauke shi marar ladabi. A ofis fuska da hali sukan gyara abin da harshe ya ɓata. A allo babu mai gyarawa. Littafin ya ɗauka cewa idan aka cire fuska aiki ne kaɗai zai yi magana, ya manta cewa aikin ma da harshen wani yake magana.

Abin sha'awa shi ne, haɗin gwiwa daga nesa ba baƙon abu ba ne a tarihin Hausawa, kuma yadda magabata suka warware matsalarsa yana haska abin da littafin ya rasa. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya wallafa bincikensa a 1969. Ya bayyana yadda fataucin shanu daga Arewa da na goro daga Kudu ke gudana tsakanin mutanen da ke da nisan ɗaruruwan mil, ba banki, ba kwangilar da kotu za ta tilasta, da saƙonni da wasiƙu da amana kawai. Ana ba mahauta shanu bashi, dukiya mai yawa tana yawo a kan kalma. Amma amanar nan tana da mazauni. Akwai maigida, wanda ke saukar da fatake a gidansa, ya ciyar da su, ya tsaya musu lamuni idan mai saye ya gaza biya. A ƙarƙashinsa akwai dillalai da ke cin la'ada, da malaman da ke riƙe lissafi, da yaran gida da ke tashi cikin harkar suna kallo suna aike har su san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Cinikin na nesa ne, amma horon na kusa ne. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma su kansu Fried da Hansson sun yarda da rabin wannan magana, tunda sun ba da shawarar a riƙa tara ma'aikata ido da ido lokaci-lokaci. Sai dai taron kwana huɗu ko biyar yana sabunta zumuncin da ke akwai ne, ba ya mayar da ɗan aike ya zama dillali.

Sauran gunaguni na a kan littafin ƙanana ne idan aka kwatanta, ko da yake a nan yankin su ne aka fi ji. Marubutan suna maganar kwamfuta da intanet kamar iska ce da kowa ke shaƙa. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar tsaro. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga tasku. A ƙarshen Oktoban shekarar kuma mafi yawan jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. A nan aikin sallahu ya fi taron bidiyo tausayi, domin wanda wuta ta ɗauke masa da rana zai iya ajiye aikinsa da dare, kuma wannan babbar hujja ce da marubutan ba su yi tunanin kawowa ba. Amma kuɗin janareta da sola da data da kujera, waɗanda a da ofis ke ɗauka, yanzu sun koma kan ma'aikaci idan kamfani bai ga dama ba. Batun albashi ma haka: 37signals ta zaɓi biyan ma'aikata daidai ko'ina suke, GitLab kuwa tana auna albashi da inda mutum ke zaune. A can ƙasan matakala kuma akwai irin ma'aikatan Nairobi da mujallar Time ta ruwaito a Janairun 2023 cewa suna tace munanan rubuce-rubuce domin horar da ChatGPT a kan abin da bai kai dala biyu a awa ba. Kamfanin da suke yi wa hidima yana wata nahiya, su ma kenan 'ya'yan wannan sabon tsari ne, amma 'yancin da littafin ke rera wa waƙa bai iso gare su ba.

Wani abin da ya faru a gidan marubutan ya cancanci ambato. A watan Afrilun 2021 suka sanar da hana tattauna siyasa da al'amuran zamantakewa a dandalin aikin kamfanin, kuma cikin 'yan kwanaki kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan suka karɓi sallama suka tafi. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, lamarin ya nuna wani abu game da kamfanin da ba shi da harabar ofis. A ofis akwai baranda da wurin shan shayi da hanyar zuwa tasha, inda ma'aikata ke magana ba da izinin kowa ba. A kamfanin nesa dandalin rubutu shi ne barandar, mai kamfani ne ke riƙe da makullinta, kuma duk abin da aka faɗa a rubuce yake. Faransa ta kafa dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin kashe na'ura bayan tashi daga aiki tun 2017, Fotugal ta hana shugabanni damun ma'aikata a lokacin hutunsu a 2021. Waɗannan dokoki sun taso ne saboda kyakkyawar niyyar mai kamfani, wadda littafin ya dogara da ita ƙwarai, ba ta isa jingina ba.

Duk da haka ban yarda da masu cewa mafita ita ce a kora kowa ofis ba. Bloom da abokansa sun sake wani gwajin a wannan kamfani na Sin, wanda yanzu ake kira Trip.com, kan ma'aikata fiye da 1,600, aka wallafa a 2024: waɗanda aka bari su yi kwana biyu a gida kowane mako ba su gaza a ƙwazo ko ƙarin girma ba, masu barin aiki kuma sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Wannan ya dace da wanda ke zaune gari ɗaya da kamfaninsa. Ga matashin Gusau ko Maraɗi da kamfanin yake wata nahiya kuwa, komawa ofis na nufin rufe masa ƙofar baki ɗaya, don haka dole a nemo yadda za a yi horo daga nesa da gangan, tunda ba zai faru da kansa ba.

Misalan da ke akwai sun fito ne daga duniyar manhajojin da ake ginawa a buɗe, ba daga kamfanonin da littafin ke yabo ba. Shirin Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, da shirin Outreachy, suna haɗa sabon hannu da wani gogagge da aka ɗora wa alhakinsa da suna, na tsawon watanni, a biya mai koyon kuɗin da zai riƙe shi, a ba shi aiki na gaske wanda za a duba layi-layi a mayar masa ya gyara. Matasan Najeriya da dama sun shiga sana'ar ta wannan ƙofa. Abin lura a tsarin shi ne an amince tun farko cewa lokacin gwani zai tafi, an sa shi cikin lissafi, an kuma ba mai koyo mutum ɗaya da zai iya kai wa tambayar wauta ba tare da duniya ta gani ba. Amma guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema, masu horarwar galibi 'yan sa-kai ne, kuma kuɗin na zuwa ne daga gudummawar da za a iya janyewa a kowace shekara. Kamfanonin da suka daina biyan hayar ofis sun san adadin abin da suka tara daga hakan. Babi na gaba da littafin Remote ke buƙata, idan marubutansa za su sake buga shi, shi ne wanda zai faɗi kaso nawa na wannan kuɗi ya kamata ya koma ga ɗaukar waɗanda ba su iya ba tukuna, da awa nawa a mako za a cire daga aikin kowane gwani a rubuta su da sunan koyarwa.